Blood Rage: yaya ake yi da mai tara maki ta hanyar faɗuwa a yaƙi?

Baban Ummi

Assalamu alaikum. Ga wani hali da yake yawan maimaituwa a teburin mutum huɗu na Blood Rage, wasan mayaƙan Viking na Eric Lang wanda kamfanin CMON ya fitar a 2015. Mutum ɗaya zai cika hannunsa da katunan yaƙi masu nauyi, ya ci kusan duk karon da ya shiga, ya share abokan wasa daga allo. A ƙarshen zamani na uku, wato kashi na ƙarshe cikin kashi ukun wasan, a zo lissafi, sai a ga wanda aka yi ta kashe wa mayaƙa, mai riƙe da katunan Loki masu ba da lada a kan faɗuwa da mutuwa, shi ne a gaba da tazara mai yawa. Masu buga wasan nan sosai, me kuka ga yana aiki a kan irin wannan ɗan wasa? A ina ake tare shi, wajen zaɓen kati ko a kan allo?

Malam Habu

Wa alaikumus salam, Baban Ummi. A fara da lissafi, domin nan matsalar take.

Cin yaƙi yana ba ka maki daidai da adadin gatarinka, ɗaya daga cikin ma'aunai uku na ƙabilarka (fushi, gatari, ƙaho), kuma kowa da 3 yake farawa. Wanda ya ci, katin da ya buga ya tafi ke nan, an jefar. Wanda ya faɗi kuwa, katinsa hannunsa yake komawa. Wato duk nasarar da ka yi hannunka raguwa yake, shi kuma nasa yana nan yadda yake. Kati shida kake fitowa da su daga zaɓe. In uku ne na yaƙi, bayan ka ci karo uku ba ka da abin bugawa sai katin da ƙarfinsa sifili ne.

Yanzu dubi ɓangarensa. Katunan ƙabila na Loki suna ba da maki a kan kowane mutum da ya dawo daga Valhalla, inda ake ajiye waɗanda aka kashe, a ƙarshen zamani: na zamani na farko 1, na biyu 2, na uku 3. Gurbin katin ƙabila uku ne a allon kowa, saboda haka zai iya jera su duka, kowace gawa ta zama maki 6. Fushi shi ne kuɗin da ake biyan aiki da shi, kuma mayaƙi ɗaya fushi 1 ne kuɗin shigarsa. Ka kashe masa biyar a zamani na uku, ka ba shi 30 da hannunka, kai kuma ka tashi da adadin gatarinka kawai. Kuma ƙaho, wanda yake ƙayyade yawan mutanen da za ka ajiye a allo, ba ya ƙirga waɗanda suke Valhalla. Duk wanda ka kashe masa ka buɗe masa gurbin shigo da wani.

Tare shi a zaɓe ya fi sauƙi. Ana raba kati takwas, ka ɗauki ɗaya ka miƙa saura hagu, har kowa ya tara shida a zubar da biyun ƙarshe. A teburin mutum huɗu, tarin da ka fara da shi zai dawo maka a ɗauka ta biyar da kati huɗu a ciki. Ka haddace abin da ke ciki kafin ka miƙa. In ya dawo babu katin Loki, ka san ɗaya daga cikin ukun nan ya ɗauka, kuma kafin a yi nisa za ka ga wane ne, tunda katin ƙabila a buɗe ake ajiye shi. Daga zamani na biyu, duk wanda yake zaune a damansa, wato mai miƙa masa kati, nauyin yana kansa. Kada ya bar na 2 ko na 3 ya wuce ta hannunsa, ko da ba zai yi amfani da shi ba.

Maman Sadiq

Malam, na yarda da lissafin, amma ɗaukar kati don hana wani yana da tsada. Shida ne kawai. In ka ɓata biyu a kan hanawa, mutum na uku da bai ɓata ko ɗaya ba shi zai ci wasan. Abin da na ga ya fi tsayawa: a hana kati ɗaya tak, na zamani na uku, sauran a yi maganinsa a allo.

Maganin allo shi ne a ƙi ba shi yaƙin da yake nema. Idan ya kira ganima a lardi, wato ya nemi kwashe ladansa, da mayaƙi ɗaya tilo, ba dole ba ne ka amsa. In babu abokin gaba a lardin ko a mashigin ruwan da ke jikinsa, ba a yin yaƙi. Zai ɗauki ladan lardin, gaskiya ne, amma ba wanda ya mutu, ba a saci komai ba, kuma lardin ya rufe sai zamani mai zuwa. Duba ladan kafin ka yanke shawara. In gatari ne, bar masa, mutumin da ba ya cin yaƙi gatari bai ƙare shi da komai ba sai makin ƙarshe. In ƙaho ne, nan kam a yi tunani, domin ƙaho ne yake ba shi damar tura mutane da yawa mutuwa.

Akwai katin yaƙin Loki na zamani na farko, wanda ƙarfinsa sifili ne amma in ya faɗi yana sace fushi 1 daga wanda ya ci. Tunda katin mai faɗuwa yana komawa hannu, da wannan kati ɗaya zai yi ta tatsarka. Mutumin da ya fara da fushi 6, aka sace masa 2, kashi ɗaya cikin uku na zamaninsa ya tafi. Abu biyu ne suke karya katin: ko ka yaƙe shi bayan fushinka ya riga ya ƙare, babu abin sata, ko a yi kunnen doki. A kunnen doki kowa ya faɗi, babu wanda ya ci balle a sace masa.

Yaya Ɗanladi

Ƙari a kan maganar Maman Sadiq: in ya zama dole ka yaƙe shi, kada ka ƙona babban kati. Ƙirga ƙarfin da ke kan allo tukuna. Jagora 3, jirgi 2, mayaƙi 1. Idan kana da jagora da jirgi shi kuma mayaƙi ɗaya, 5 ne da 1, kuma ba nasara yake nema ba. Kife katin da ba ka so, ko na haɓakawa da ba ka da fushin biyansa, ya tafi a sifili. Katin yaƙin Tyr mai nauyi ka ajiye wa wanda zai yi maka gardama da gaske. Sai dai a kula, mai wayo yakan riƙe katin yaƙi ɗaya na gaske don ranar da aka raina shi, musamman a Yggdrasil, lardin tsakiyar allo.

Haka dodon nan Troll, mai kashe duk mayaƙan abokan gaba a lardin da ya sauka. Ana yawan sauke shi a kan tarin mai Loki don shi ne tari mafi girma. Kuskure ne. A sauke shi a kan wanda yake buƙatar mutanensa su rayu don cika katin manufa, wato katin da yake ba da maki in an cika sharaɗinsa.

Malam Habu

Daidai, Ɗanladi. Kuma ni ina ganin babban abin da yake kayar da mai son yaƙi ba Loki ba ne, sakaci da sauran hanyoyin maki ne. Bari in tsaya a kan jerin matakan zamani, domin mutane da yawa ba sa amfani da shi.

Bayan an gama aiki da zubar da kati, manufa ake fara dubawa, sannan a zo matakin Ragnarok mai hallaka lardi ɗaya, sannan a saki mutanen Valhalla. Ma'ana lardin da za a hallaka yana nan daram lokacin da ake duba manufa. In kana da manufar yankin da lardin yake, Manheim ko Alfheim ko Jotunheim, kuma ka fi kowa ƙarfi a cikinsa, za ka karɓi makin manufa, ka ɗaga ɗaya daga cikin fushi, gatari ko ƙaho mataki guda, sannan mutanen nan su mutu a Ragnarok ka sake karɓar 2 a kan kowanne a zamani na farko, 3 a na biyu, 4 a na uku. Jirgin da ke mashigin ruwan lardin shi ma yana ciki. Mayaƙa huɗu da jirgi a zamani na uku, 20 ke nan ba tare da ka buga katin yaƙi ko ɗaya ba. Kuma tun farkon wasa an nuna lardunan uku da za a hallaka, ba abin ɓoye ba ne.

Wannan lardi shi mai Loki yake so, tunda mutuwar Ragnarok tana biyansa sau biyu. Lardunan waje ƙauyuka uku zuwa biyar gare su, kowane ƙauye mutum ɗaya yake ɗauka. Cika ƙauyukan kafin ya iso. In babu gurbi ba ya iya shiga, ba ya iya tattaki zuwa can, sai dai ya sa jirgi. Wannan ya fi kashe shi zafi.

Ga wanda yake riƙe da manufar da take neman mutum huɗu a Valhalla, ya tuna matattun Ragnarok ba sa shiga lissafin, don bayan an duba manufa suke mutuwa. Kunnen doki a ƙarfi kuma ba ya cika manufar yanki, sai ka fi kowa.

Ummu Hani

Ni fushi zan yi magana a kai, don shi ne kuɗin wasan. Da zarar ya kai sifili ba ka da wani aiki, har waɗanda kyauta ne irin su ganima da ajiye manufa. Abin da ya rage maka amsa kiran yaƙi da buga kati kawai. Saboda haka a ajiye manufa kafin fushin ƙarshe ya fita. Ana ganin mutum ya tashi da manufa biyu a hannu bai kife su ba, a zubar da ɗaya, tunda kati ɗaya ake bari ya tsallaka zuwa zamani na gaba.

Hanyoyin tsimi: jagora kyauta yake shiga. Duk katin da ya haɓaka mayaƙi, jagora, jirgi ko dodo yana ba ka damar shigar da shi nan take ba ƙarin kuɗi, don haka kada ka biya 2 ka shigar da jirgi alhali katin jirgi yana hannunka. Tattaki fushi 1 ne ko mutum nawa ka kwasa daga lardi ɗaya zuwa wani, kuma ba sai maƙwabci ba. Ajiye manufa kyauta ne amma yana cin zagaye, to ka yi amfani da shi don jinkiri, wasu su kashe nasu fushin su nuna inda suka dosa. Wanda ya rage da fushi shi kaɗai yana yin aiki a jere ba mai katse shi. Haɗarin jinkirin ɗaya ne: in aka kwashe ganimar duk lardunan da suka rage, zamanin ya ƙare ko da fushi a hannunka. A teburin mutum biyu ko uku, inda aka hallaka larduna uku ko biyu tun kafin a fara, wannan yana zuwa da sauri.

Baban Ummi

Na gode ƙwarai. Saura Yggdrasil. Yana da kyau mai ƙarfin yaƙi ya nace a kansa tun zamani na farko?

Maman Sadiq

Eh, Baban Ummi, nan ne katunanka masu nauyi suke biyan kuɗinsu. Ganimar Yggdrasil tana ɗaga fushi da gatari da ƙaho gaba ɗaya, kuma a ƙarshen wasa matakan sama na kowanne suna ba da maki 10, na ƙurya 20. Ba a shiga can kai tsaye, sai da tattaki ko amsa kira. Ba shi da iyakar mutane, yana maƙwabtaka da kowane lardi, jirgi kuma ba ya taimakawa a can. Wato duk wanda yake da mutum a allo zai iya zubo maka shi, kuma mai Loki zai zubo nasa duka don su mutu. Kira ganimar lokacin da mutanensa ba su fi ɗaya ko biyu a allo ba, ko bayan sauran sun ƙona manyan katunansu a lardunan waje. Ƙarin fushin da ka samu sai zamani mai zuwa zai yi aiki, shi ya sa Yggdrasil na zamani na farko ya fi na uku daraja wajen aiki. A na uku makin matakai kawai kake bi, don haka ƙirga ko ɗagawar za ta kai ka kan 10 ko 20 kafin ka biya fushin tattaki.