Taswirar EC ta gonar masara: za a iya raba taki da ita kai tsaye?

Manomin Lere:
Assalamu alaikum. Gona ce mai hekta 60 ta masara a yankin Saminaka, sama jigawa, kwari laka, kuma taki ɗaya ake zuba wa ko'ina. An ba da shawarar a yi mata awon EC, a fitar da taswira, sannan a riƙa zuba taki gwargwadon buƙatar kowane ɓangare. Mene ne ainihin abin da na'urar ke aunawa? Wane lokaci ake yi? Kuma in taswirar ta fito, da ita za a ƙayyade buhunan taki?

Malamin Ƙasa:
Wa alaikumussalam Alhaji. Bari in fara da tambayar ƙarshe: a'a. Na'urar ba ta ganin naitirojin, ba ta ganin fosfaras. Abin da take aunawa shi ne yadda wutar lantarki ke ratsa ƙasa, wato EC ke nan, ana ƙirga shi da ma'aunin da ake kira mS/m. Yashi ba ya barin wuta ta wuce sosai, sau da yawa adadinsa bai kai 10 ba. Laka tana ba da adadi mai yawa, danshi da gishiri kuma suna ƙara shi. Saboda haka taswirar tana nuna maka inda ƙasa ta sauya ne kawai. Dalilin sauyawar sai an haƙa.

Na'urorin iri biyu ne. Akwai Veris 3100 ta Amurka, wadda tarakta ke ja, tana da faifan ƙarfe shida masu shiga ƙasa, tana ba da awo biyu lokaci guda: santimita 30 na sama, da kuma zurfin santimita 90. Akwai EM38 ta kamfanin Geonics na Kanada, ita ba sai ta yanki ƙasa ba, da maganaɗisu take aiki, tana kaiwa wajen mita 1.5 in an tsayar da ita, santimita 75 in an kwantar. Dukansu da GPS ake haɗa su.

Lokaci shi ne inda aka fi yin asara. Kada a yi awon a watan Maris ko Afrilu, ƙasa ta bushe ƙamas: faifan ba sa kama ƙasa, yashi da laka duk su ba da adadi ƙanƙani, taswira ta fito ba bambanci. A jira ruwa ya sauka sau biyu ko uku, ƙasa ta jiƙu har ciki amma ba ta yi caɓi ba, kafin a yi huɗa, kuma kafin a zuba kowane irin taki. Taki gishiri ne, in an riga an watsa shi, shi na'urar za ta karanta.

Tazarar layi mita 15 ta wadatar. Hekta 60 ke nan tafiyar kilomita 40, a gudun kilomita 12 a awa aikin yini ɗaya ne har da juye-juye. A yi ƙoƙari a gama a rana ɗaya, domin duk digiri ɗaya na zafin ƙasa yana ɗaga adadin da kusan kashi 2 cikin ɗari. EM38 kuma tana kaucewa in rana ta gasa ta, sai an riƙa sake saita ta, sannan a ja ta a kan katako ko roba nesa da tarakta, don ƙarfe yana ruɗa ta.

Bayan haka a raba gonar kashi uku bisa adadin da taswirar ta nuna, in ta yi yawa huɗu. Manhajar QGIS kyauta ce kuma tana yi. A kowane kashi a ɗebi ƙasa daga wuri 15 zuwa 20, zurfin santimita 20, a gauraya, a kai ɗakin gwaji irin na Cibiyar Binciken Aikin Gona (IAR) da ke Samaru, Zariya. Kada a haɗa ƙasar kashi biyu a leda ɗaya. Sakamakon gwajin nan shi ke faɗin buhuna.

Mai Alkama, Kadawa:
Malam ya yi bayani, sai dai ina so a ja kunnen Alhaji kan abu ɗaya. Mutane suna ganin inda adadi ya yi sama su ce nan ne ƙasa mai kyau, su ƙara mata taki. A filin noman rani, adadi mai yawa sau da yawa kanwa ce ko gishirin da ruwan ban-ruwa ya tara saboda magudana ta toshe. In awon gishirin ƙasa na ɗakin gwaji ya haura 4 dS/m (ma'aunin da ake ƙirga shi da shi), ƙasar ta shiga sahun mai gishiri, maganinta gyaran magudana da wanke ƙasa, ƙarin taki sai ya ƙara dagula ta. Masara ma ta fi alkama rashin jure gishiri. A gonar damina kuma, lakar da ke kwari za ta iya fitowa a sahun farko a taswira alhali ruwa ke kwanciya a cikinta duk watan Agusta, masara ta yi ɗorawa. Tsohon mashekari da gindin suri su ma suna fitowa kamar tabo. Marmara kusa da sama kan ba da adadi ƙanƙani kamar yashi, amma matsalarta daban: saiwa ce ba ta samun hanya. A ɗauki taswirar a waya, a bi gonar da ƙafa, a haƙa rami a kowane kashi a gani da ido.

Injiniyan Tarakta:
Ranka ya daɗe, ga ɓangaren zubawa. Ma'aunin da aka saba bai wa masara a wannan yanki shi ne kilo 120 na naitirojin, 60 na fosfaras, 60 na fotash a hekta. Wato buhu 8 na NPK 15-15-15, sai yuriya kilo 130, buhu biyu da rabi da ɗan ɗoriya. Daga nan ake hawa ko sauka bisa gwaji. A jigawa, abin da ya fi muhimmanci ba yawan yuriyar ba ne, rabonta ne: ruwa yana wanke ta ƙasa, don haka a kasa ta biyu, a mako na uku da na shida, maimakon a zuba lokaci guda. Iri ma ana sauyawa: santimita 75 da 25 yana ba da tushe 53,333 a hekta, ya dace da ƙasa mai riƙe ruwa, a jigawa a buɗa zuwa 75 da 30, tushe 44,444.

In akwai injin watsa taki mai kwamfuta, ana loda masa taswirar umarni, GPS na gaya masa inda yake, shi kuma yana buɗe ƙofa ko ragewa. Abu uku ke ɓata aikin. Injin yana jinkirin daƙiƙa biyu zuwa uku kafin ya sauya, a gudun kilomita 12 wannan ya kai mita 10, sai an saita masa ya fara sauyawa kafin ya iso iyaka. Na biyu, kashin da bai kai faɗin watsawar injin ba ba shi da amfani, a haɗe shi da maƙwabcinsa. Na uku, yuriya da NPK nauyinsu ba ɗaya ba ne, kowanne sai an gwada fitarsa da sikeli, kuma yuriyar da ta sha iska ta dunƙule tana toshe ƙofa.

In babu injin, ba a fasa ba. A kafa turaku masu tsumma kala uku a kan iyakokin, a ƙirga buhunan kowane kashi a ajiye su a bakinsa tun da safe, kowace tawagar ma'aikata da murfin awonta.

Malamin Ƙasa:
Ƙari ɗaya, Alhaji. A bar zirin kunya goma wanda ya ratsa kashi ukun daga jigawa zuwa kwari, a zuba masa tsohon ma'auni bai ɗaya. Da kaka a girbe shi kashi-kashi, a auna da sikeli, a kwatanta da kunyoyin da ke gefensa. Taswirar kanta za ta yi shekaru tana aiki tunda yashi ba ya komawa laka, sai in an baje gonar ko gishiri ya taru, amma gwajin ƙasa a maimaita shi duk shekara uku.