Suna a gidanmu da dokar mutum 50, ina mafita?

Assalamu alaikum ƴan uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san doka ko aikin lafiya.

Matar ƙanena ta haihu, suna ya matso, mu kuma a Birni muke, nan Damagaram. Tun watan Maris ɗin nan na 2020 da Shugaba Issoufou Mahamadou ya hana taron da ya wuce mutum 50 saboda korona, har da biki da suna, ga masallatai a rufe, ban ga wanda ya fayyace mana abu ɗaya ba. Maza a ƙofar gida suke zama da safe a raɗa suna, iska na kaɗawa. Mata kuwa cikin ɗaki suke cunkushewa wajen mai jego. Shin lissafin a haɗe yake, ko na waje daban, na ciki daban? Mu mutanen gidan, da yaranmu, muna cikin ƙidayar?

Abin da ya fi damuna Inna ce. Ta tsufa, tana da hawan jini, kuma kowa sai ya shiga gaishe ta. Ni dai na fi son liman da dattawa kaɗan su yi addu'a a yanka rago a watse. Amma dangi na Mirriah da Magaria sun ce suna tafe. Da wane lafazi zan dakatar da su ba tare da zumunci ya ɓaci ba?