Wai haɗin oganik ba bilicin ba ne?

Maman Ilham: Jama'a ku raba mu gardama da ƙanwata. Ta dawo hutu daga makaranta ta yi fari fes amma gaɓoɓin yatsunta baƙi ƙirin, wai ita ba bilicin take ba, haɗin oganik ne, kurkum da zuma da man kaɗanya kawai.

Ummi: Anti ai gaskiyarta ne, ni ma shi nake shafawa. Gyaran fata ne fa. Tun kakanni ake wa amare dilka da kurkum ba wadda ta mutu.

Anti Nas: Ummi ƙanwata, dilka ba ta mayar da baƙa fara a sati biyu. Duk man da ya yi haka to wallahi da wani sinadarin sa fata fari a ciki, ko haidirokwinon ko sitiroyid ko makyuri, a roba ake damawa a ɗura a kwalba ba takarda ba lambar NAFDAC, ke mai shafawa ba ki san me kike ɗora wa jikinki ba. Sitiroyid cinye fata yake har ta zama sirara, shi ya sa za ki ga jijiyoyi kore-kore a cinya da nankarwa a damtsen yarinyar da ko aure ba ta yi ba. Mu da muke asibiti muna gani, a yi wa mace tiyatar haihuwa ɗinki ya ƙi kamawa. Makyuri kuma ƙoda yake taɓawa.

Ummi: To in haka ne me ya sa ake sayarwa a fili?

Anti Nas: Sakaci ne. A 2023 NAFDAC da kanta ta ce bilicin ya zama matsalar lafiya ta gaggawa a Najeriya, amma leƙa Instagram ki ga talla.

Hajiya Babba: Ni yaran nan tausayi suke ba ni. Mu iyaye ne za a kawo amarya mu ce ashe baƙa ce, a kunnenta. Samari kuma sai fara. Yarinya 'yar shekara 16 tana jin wannan ya kuke so ta yi?

Ummi: Yawwa Hajiya. Amma nawa dai har yanzu bai min komai ba.

Maman Ilham: Ni yau zan zubar da kwalbar.

Anti Nas: Kar ki zubar Maman Ilham, ki tafi da ƙanwar taki da kwalbar wajen likitan fata. In da sitiroyid a ciki dainawa dare ɗaya na sa fuska ta yi ja ta feso da ƙuraje, a hankali ake janyewa. Ummi ke ma ki bi su don Allah.