Kompailar Linux a kan FreeBSD: a gyara ko a haƙura?

Auta: Salamu alaikum jama'a. Tun bayan Isha'i nake fama. Na kunna Linuxulator a FreeBSD, wato sashen da ke ba ta damar kunna shirye-shiryen Linux, na zuba gcc na CentOS 7 (wani nau'in Linux) a /compat/linux. Gcc ɗin ita ce kompailar, mai mai da rubutun C ya zama shirin da kwamfuta za ta kunna. Ɗan shirin C ne da bai kai layi goma ba, amma da an zo wajen haɗawa sai ya ce bai san `__stderrp` ba. Ni kuwa ban rubuta wannan suna ko'ina ba.

Kawu na Circle: Wa alaikumus salam. Ai na gaya maka ranar da ka zo shago. An yi abin nan ne don kunna shirin Linux da aka riga aka gama, ba don a ƙera sabo a cikinsa ba. Kompaila ba ta zama lafiya a kan kwaikwayo. Ka ɗora Linux ɗin Ubuntu a bhyve, mai kunna kwamfutar bogi a cikin FreeBSD, ka huta.

Yaya ta Maamobi: Kawu, da girmanka, ba kwaikwayo ba ne. Shirin yana gudana kai tsaye a kan furosesa. Idan ya roƙi kanel, wato zuciyar tsarin aikin kwamfutar, wani abu da yaren Linux, FreeBSD ce ke amsa masa da yarensa. Kompaila kuwa me take roƙo? Buɗe fayil, karanta, rubuta, kira wani shiri. Ba ta cikin masu wahalar sha'ani.

Kawu na Circle: In haka ne me ya sa Microsoft ta sake shawara? A 2016 ta fito da WSL, mai kunna shirin Linux a Windows da irin wannan tafinta, a 2019 ta sanar da WSL 2, ta sa kanel ɗin Linux na gaske cikin ƙaramar kwamfutar bogi. Masu kuɗin duniya sun gaji, sai mu 'yan Zango?

Yaya ta Maamobi: Windows da Linux ba dangi ba ne, Kawu. FreeBSD da Linux kuwa duk tarbiyyar Unix suka sha, tazarar ba ɗaya ba ce. Auta, buga `ls /compat/linux/usr/include/stdio.h` ka faɗa mana abin da ya fito.

Auta: Ya ce babu fayil ɗin, Yaya. Amma ɗazu na gwada `gcc -H`, ya nuna mini /usr/include/stdio.h ƙarara.

Yaya ta Maamobi: To ga ɓarawon. Duk sanda shirin Linux ya nemi fayil, kanel yakan fara duba ƙarƙashin /compat/linux. In bai samu ba, sai ya koma ainihin tushen FreeBSD ya ɗauko mai irin sunan, shiru, ba sanarwa. Kamar ɗan haya ne a gidan yawa da ya rasa gishiri a ɗakinsa, ya miƙa hannu madafar mai gida. Kompailarka ta karanta stdio.h na FreeBSD tana zaton nata ne, shi ya sa sunan da ta nuna maka ya yaudare ka. A wancan fayil ɗin stderr yana nufin `__stderrp`. Da aka je haɗawa da glibc, laburaren C ta Linux, ita ba ta taɓa jin wannan suna ba. Na tabbata da hannu ka kwance fakitocin.

Auta: Da hannu ne. Data ta yi mini ƙaranci, na ɗauko gcc da glibc-devel kawai.

Yaya ta Maamobi: A CentOS 7 fayilolin heda irin su stdio.h suna cikin glibc-headers, fakiti ne daban. Shi ka tsallake.

Kawu na Circle: Kin ga kin faɗi maganata da bakinki. Abin da zai ɗauko fayil ɗin wani gida bai yi ko tari ba, shi za a ba amanar aiki? Yau an yi sa'a ya yi ihu. Gobe ya haɗu lafiya lau, sai an kai wa mai shi ya fashe.

Malam na Kumasi: Nan kam Kawu yana da gaskiya, kuma na taɓa ƙonewa da irinsa. Amma maganinsa layi ɗaya ne: `chroot /compat/linux /bin/bash`. Da ka shiga, ƙofar mai gida ta rufe. Abin da babu zai ce babu. Ka dai tabbata an ɗaura devfs da linprocfs a ciki. Tambayata ɗaya, Auta: FreeBSD tana zuwa da kompailar clang tun fitowa ta 10 a 2014, me ya hana ka amfani da ita?

Auta: Malam, a kan Ubuntu za a gwada aikin. Abin da clang ta gida ta haɗa ba zai tashi a can ba.

Malam na Kumasi: To ka bar CentOS 7 ma. An daina kula da ita tun Yunin 2024, kuma gcc ɗinta 4.8.5 ce, ta tsufa. Ka yi amfani da shirin debootstrap ka zuba Ubuntu a /compat/ubuntu, ka shiga da chroot, apt mai saukar da fakiti ta jawo maka komai da 'yan rakiyarsa.

Kawu na Circle: Wato ku zuba Ubuntu sukutum, ku rufe ƙofa, sannan ku ce ba kwamfutar bogi kuke so ba. Me ya rage?

Yaya ta Maamobi: Ram ya rage, Kawu. Kwamfutar da ka sayar masa giga 4 gare ta. In ya yanka wa bhyve biyu, da me zai buɗe burauza?

Kawu na Circle: Kuɗin giga 4 ya kawo. In ya ƙaro sidi, akwai 8 a durowa.

Auta: Na shiga chroot. Yanzu ya daina zancen `__stderrp`, cewa yake stdio.h babu shi.

Yaya ta Maamobi: Madalla, ya fara faɗin gaskiya. Sa heda ɗin ka sake. In wani abu ya mutu ba dalili, duba `dmesg`, kanel yakan rubuta sunan kiran da bai iya ba.

Kawu na Circle: Ranar da ka ga wannan saƙon a dmesg, ka neme ni. Ina shago har Magariba.

Auta: An ɗauke wuta a layinmu, batir saura kashi 12. Da safe in sha Allah zan je wajen mai koko na ƙasan gida in yi caji, in gwada na Malam.