Neman shawara: wane wasa ne zai koya wa ɗan shekara 4 haɗiye fushi?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Yarona ne ɗan shekara 4, da an hana shi abu sai birgima da jifa. An ce wasa na taimakawa, amma in na miƙa masa abin wasa yana tsakiyar rigima, ƙara tunzura yake. Ina kuskuren?

Malamar rainon yara: Wa alaikumus salam. Kuskuren na lokaci ne, 'yar'uwa, ba a fafe gora ranar tafiya. Ɓangaren ƙwaƙwalwa na gaban goshi, wanda ke taka wa mutum birki, sai wajen shekara 25 yake gama nuna, shi ya sa yaron da ya hau dokin zuciya ba ya jin koyarwa. Kuma in kin ba shi abin wasa a lokacin, kin nuna masa birgima na biya. Ki koya masa wasan kunkuru sa'ad da yake cikin walwala: ki ce "kunkuru!", ya tsaya, ya sunkuyar da kai ya rungume jikinsa, ya ja numfashi sau 3, sannan ya leƙo ya faɗi abin da ke damunsa. Ku yi tare kullum. Sai ya iya shi cikin dariya kafin ya yi amfani ranar fushi, kuma a farkon ɓacin rai ake kiran kunkurun, ba bayan ya kai ƙasa ba.

Wani malamin halayyar yara: Ki haɗa da minti 5 a kullum wanda shi ne shugaban wasa. Yana cikin tsarin gyara mu'amalar iyaye da yara da masaniyar halayyar ɗan Adam Sheila Eyberg ta fito da shi a Amurka a shekarun 1970. Ki zauna ƙasa, ki kwaikwayi abin da yake yi, ki faɗe shi da baki: "ka ɗora ja a kan shuɗi." Babu tambaya, babu umarni, babu gyara. A nan iyaye ke faɗuwa, don "wannan wace kala ce?" ta mayar da wasa jarrabawa. Kada kuma a soke minti 5 ɗin a matsayin horo.

Mai tambaya: Na gode, Malam. To in ya kama dukan 'yar tsana fa?

Malamin: Ki bar shi, Hajiya, sai dai ki ba abin suna: "ransa ya ɓaci sosai." Iyakar ita ce jikin mutum da fasa kaya.

Wata ma'aikaciyar jinya: Hura kumfar sabulu ma na aiki, don kumfa babba ba ta fita sai an saki iska a hankali. Amma in rigimar na wuce minti 15 a kai a kai, ko yana ji wa kansa ciwo, ko maganarsa ba ta kai ta sa'anninsa ba, a kai shi wurin likitan yara, a duba har da kunnensa ko yana ji sosai.