Da gaske ne a Indiya ana ɗaure mutum in ya yi saki uku?

Maman Ilham:
Salam ƴan uwa, don Allah ina da tambaya. Jiya a gidan suna wata da ta kai mahaifiyarta asibiti Delhi take ce mana wai can in namiji ya yi wa matarsa saki uku kulle shi ake yi, har musu ya kaure tsakaninmu. Da gaske ne? Kuma ina ruwan kotun gwamnati da sakin musulmi?

Ɗalibin Lauya:
Wslm Hajiya, gaskiya ta faɗa amma abin hawa biyu ne. Wata mata ce Shayara Bano daga jihar Uttarakhand, wajen shekara 15 da aure miji ya aiko mata da saki uku a takarda a 2015, ita kuma ta garzaya Kotun Ƙoli. Ranar 22 ga Agusta 2017 alƙalai biyar suka yanke hukunci, kowa da addininsa daban, uku suka ce saki uku a furuci ɗaya bai inganta ba, biyu suka ƙi, wato alƙalin alƙalai Khehar da musulmin cikinsu Abdul Nazeer, su a ganinsu maganar addini ce majalisa ya kamata ta taɓa. To kotu ba ta ce a ɗaure kowa ba fa, majalisa ce ta yi doka a 2019 ta sa ɗauri har shekara 3, ko da baki aka yi ko a rubuce ko ta waya. Su can ba su da kotunan shari'a na gwamnati irin namu, kotun kowa da kowa ce ke duba aure da saki da gadon musulmi bisa wata doka ta 1937.

Baban Sadiq:
Ni inda kaina ya ɗaure ke nan malam. Kun ce sakin bai auku ba, ke nan matarsa ce har yanzu, to in an kulle shi wa zai ci da ita da yara? Kuma yawancin musulmin Indiya Hanafiyya ne, malamansu za su ce mata sakin ya auku duk da ya yi saɓo, kotu ta ce tana da aure, baiwar Allah ta rasa inda za ta sa kanta. Masar tun 1929 suka mayar da shi saki ɗaya ba tare da gidan yari ba, wannan ya fi kwanta min a rai wallahi.

Anti Larai:
Baban Sadiq ka yi gaskiya amma ka duba inda matan suka fito. Wata matar daban mai suna Shah Bano tana da shekara 62 da ƴaƴa biyar mijinta lauya ya sake ta a 1978, Kotun Ƙoli ta tabbatar mata da kuɗin ciyarwa a 1985, rupi (kuɗin Indiya) 179 da ɗan kai a wata kawai fa, aka yi ta hayaniya har gwamnatin Rajiv Gandhi ta yi doka a 1986 don rage ƙarfin hukuncin. Macen da ta ga haka dole ta nemi abin da zai sa namiji ya ji tsoro. Kuma dokar 2019 ɗin matar ce ko danginta kaɗai ke iya kai ƙara, ba a ba da belinsa sai majistare ya ji ta bakinta, in ta yarda da sulhu ma ana iya kashe maganar.

Maman Ilham:
Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Bari in tura wa matan gidan sunan, don har yanzu ba su daina musun ba.