Little Smalltalk ya ƙi tashi a tsohuwar 286, ina mafita?

Ɗan Kurmi ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina da tsohuwar kwamfuta 286 (wato mai injin Intel 80286) da kawuna ya yi sana'ar buga takardu da ita shekaru da dama. RAM ɗinta megabait 1 ne, DOS 5.0 ke kanta. Na share ƙurar cikinta, na sa mata sabon batiri, ta tashi lafiya lau.

Abin da nake so in ɗora mata shi ne Little Smalltalk, ƙaramin nau'in yaren rubuta manhaja na Smalltalk, wanda Timothy Budd ya fara rubutawa a Jami'ar Arizona a 1984. Ƙanwata ta shiga ajin da ake koya musu yaren rubuta manhaja na Java, kullum tana kuka da maganar object da class, ni kuwa ina ganin idan ta zauna gaban yaren da komai a cikinsa object ne, har lamba 3, abin zai zauna mata. Kuma gaskiya ina son in ga injin nan yana wani aiki, ba ya zauna a lungu ba.

Na samo sigar 3. A kwamfutata ta Linux na harhaɗa shi, ya yi aiki. Sai na harhaɗa st.exe da Turbo C (manhajar da ke harhaɗa abin da aka rubuta da yaren C) a kan 286 ɗin, na kwafo fayil ɗin systemImage daga Linux a faifan fulofi. Da farko ya ce bai ga fayil ɗin ba. Da na nuna masa sunan da hannu, sai injin ya sandare, ko madannai ba sa amsawa, dole sai na kashe na kunna. Don Allah wanda ya taɓa wannan aikin ya taimaka.

Tsohon Injiniya ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗana. Injinka lafiyarsa ƙalau, systemImage ɗin da ka ɗauko ne ba nasa ba.

Wannan fayil ba rubutu ba ne da kowace kwamfuta za ta karanta. Hoton ma'adana (RAM) ne: duk objects ɗin da ke raye a lokacin, aka juye su cikin fayil yadda suke kwance. A Linux ɗinka int na C bit 32 ne, a Turbo C kuwa bit 16. To st.exe yana ɗibar bait biyu a inda aka ajiye huɗu, daga nan duk abin da ya karanta shirme ne, sai ya bi adireshin da babu shi. DOS kuma ba ya kare ma'adana, shi ya sa bai ba ka saƙon kuskure ba, ya sandare kawai.

A sigar 3 manhaja biyu ake harhaɗawa, initial da st. Harhaɗa initial ma da Turbo C ɗin nan, ka ba shi fayilolin .st (basic.st, mag.st, collect.st da sauransu, ka bi jerin da ke cikin Makefile), shi zai gina maka sabon hoto a kan injin. Zai ɗan jima, kada ka ɗauka ya mutu.

Batun rashin ganin fayil kuma, DOS haruffa 8 yake karɓa a suna, da 3 bayan ɗigo. Idan manhaja ta nemi systemImage, SYSTEMIM yake nema. Wanda ka kwafo mai yiwuwa ya sauka a matsayin SYSTEM~1. In ka gina shi a can, wannan matsalar ta kau da kanta.

Malama Mai Lissafi ta amsa:

Baba Injiniya ya gama magana a kan hoton. Abu biyu zan ƙara. Ka tabbata ka zaɓi large a tsarin ma'adana na Turbo C, domin small kilobait 64 kacal yake ba wa bayanai, teburin objects ba zai shiga ba. Sannan ka leƙa env.h ka kunna sashen TURBOC, saboda a buɗe hoton da "rb". Idan aka buɗe shi kamar rubutu, DOS na cin karo da bait 26 sai ya ɗauka fayil ya ƙare.

Amma ƙanena, ka yarda in faɗi ra'ayina game da ƙanwar taka. A kan DOS, Little Smalltalk ba shi da tagogi da linzami irin na Smalltalk-80 da su Alan Kay da Dan Ingalls da Adele Goldberg suka gina a Xerox PARC. Baƙin allo ne da layin rubutu. Yarinyar da ta saba da waya tana iya gajiya. In don koyo ne kawai, Squeak ko Pharo, nau'ikan Smalltalk masu tagogi, a kwamfutar zamani sun fi sauƙi.

Ɗan Kurmi ya sake rubutawa:

Baba, Allah ya saka da alheri. Anti, na gode ƙwarai. Ya tashi!

Na sa large, na gina hoton a kan injin, fitilar hard disk tana ta ƙyaftawa har na fara shakka, sai ga shi ya gama. Amma st ya fara cewa ma'adana ba ta isa ba. Na buga MEM na ga wasu tsofaffin manhajojin kawu da ke tashi daga AUTOEXEC.BAT sun cinye wani kaso na kilobait 640 ɗin da DOS ke ba manhaja. Na cire su, na sa HIMEM.SYS da DOS=HIGH a CONFIG.SYS, wuri ya samu.

Anti, na ji maganarki, amma ga abin da ya faru daren jiya. Na kira ƙanwar tawa na buga (3 + 4 * 2) print, na ce ta faɗi amsa kafin in danna. Ta ce 11. Allo ya nuna 14. Ta ce injin ya tsufa ya manta lissafi. Na ce a'a, a nan + ba alamar lissafi ba ce, saƙo ne da ake aika wa 3 tare da 4, abin da ya fito shi ake aika wa saƙo na gaba, daga hagu zuwa dama. Ta yi shiru, ta ja kujera, ta ce to a ina aka rubuta yadda 3 zai amsa? Na buɗe mata mag.st. Nan ne ƙanƙantar yaren ta yi min rana: fayilolin 'yan kaɗan ne, mutum zai iya karance su duka ya ga yadda aka gina Integer da List da hannunsa. A Pharo ban san ta inda zan fara nuna mata ba, don yawan abin da ke ciki.

Tsohon Injiniya ya ƙara da cewa:

Madalla. Ka riƙe wannan kafin ku yi nisa: sigar 3 ƙirgen masu riƙe da object take yi kafin ta share shi. Idan objects biyu suka riƙe juna, ƙirgen ba zai taɓa sauka sifili ba, sai su zauna suna cin wuri, a injin da wurin ma bai da yawa. Ku riƙa ajiye aikinku da umarnin smalltalk saveImage da wani suna daban, sannan ka kwafi SYSTEMIM na asali a fulofi biyu, don faifan da ya kai waɗannan shekarun ba a ba shi amana.